Kujerar Kawu a Ƙofar Injin Casa

Wanda ya ba mu aron Kawu Babba ya karɓi abinsa ana tsakiyar kaka, wata Talata da hantsi. Daga gare Shi muka zo, kuma can za mu tarar da wanda ya riga mu. Kawu Babba yayan mahaifiyata ne, shi ne babba a ɗakinsu, kuma a gidan gado na Kibiya ya cika bayan 'yar gajeruwar jinya. Ina wurin aiki a Kano Umma ta kira ni. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Yaya ya tafi," ta kashe wayar. Kafin in iso an riga an kai shi.

Zaman makokin ya tara mutane iri biyu, kowane ɓangare yana mamakin abin da ya kawo ɗayan. A ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa, tsofaffin ɗalibansa ne, injiniyoyi masu furfura da manyan motoci, suna ta cewa an yi rashin malami. A cikin gida kuwa mata ne maƙil, na Yalwa da na Nariya da na Unguwar Gai, har da matan rugage da suka ajiye ƙoren nononsu a bakin zaure. Su ba su san wani malamin injiniyoyi ba. Wata dattijuwar Bafulatana ta kama hannuna ta riƙe.

"Ke ce 'yar tasa ta birni? Allah ya jiƙan tsohon ƙofar inji. Kaka nawa yana karɓar mini ƙwarya, bai taɓa zubar mini da ko ƙwaya ba."

Ta bayanta kuma ta sunkuyar da kai ta ce wa maƙwabciyarta, a zatonta ban ji ba, "Bawan Allah, boko ne ya ɗan taɓa shi a ƙarshe, amma ba shi da mugunta." Na ji sarai. Na haɗiye, don gidan makoki ne, amma har yau maganar tana tsaye mini a wuya, kuma tana cikin abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Da la'asar Kawu Ƙarami, autan ɗakin su Umma, ya shigo cikin gida yi wa matar mamacin gaisuwa. Ya tsuguna, ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ni dai na yafe wa Yaya duk abin da ya yi mini, duniya da lahira." Umma ta danne mini gwiwa da hannunta, don ta san halina. Ya ƙara da cewa ya rufe injinsa na casa da niƙa da ke Rano saboda rasuwar, sai an yi sadakar uku za a tayar. Mata suka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na san saman benen injin nan cike yake da buhuna har rufi, na san matan da ke sa albarkar su ne za su yi layi a ƙarƙashinsa, kuma wannan karon babu wanda zai tare su a ƙofa.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da nake tsoro.

Kawu Babba mutum ne da ba ya iya wuce abu bai ƙwanƙwasa shi ba. Ƙofa, tebur, tankin ruwa, ƙarfen gada, sai ya buga da bayan yatsa ya karkata kai yana saurare. In ya je gidan mutane, kafin a kawo ruwa ya riga ya taka tsakar ɗaki da diddige. Matarsa, Hajiya, takan ce ita dai ta gode Allah da ba a ƙwanƙwasa mutum kafin a aure shi. Ya koyar da aikin injiniya a Kano har ya yi ritaya, ya dawo Kibiya da littattafansa da gilashinsa mai igiya. Ba ya tauna magana. In ka yi kuskure a gabansa zai gaya maka ko a gaban surukanka ne, kuma ya ɗauka alheri ya yi maka. Ni Uwata yake kira na, shi da Kawu Ƙarami duka, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Ina sakandare ya fara ja na cikin sana'arsa, kuma da igiyar shanyar Hajiya ya fara. Ya kwance gefe ɗaya ya ba ni.

"Kaɗa ta a hankali, Uwata."

Na kaɗa. Igiyar ta yi ciki guda, tana hawa tana sauka gaba ɗayanta.

"Ƙara sauri."

Ta rikice, tana fizgar hannuna. Na ce ta ƙi. Ya ce in ci gaba. Can sai ta daidaita, ta rabu biyu: rabi yana sama, rabi yana ƙasa, tsakiyar kuma tsaye cak kamar an kafa ƙusa. Ya sa yatsa a wurin, igiyar ba ta ko taɓa shi da ƙarfi ba.

"Kin gani? Ba ke kika zaɓa mata ba. Tana da rawarta ta fari, tana da ta biyu, tana da ta uku, kowace da saurinta. Ke dai kin yi dace ne da saurin." Sai ya ɗauko jiƙaƙƙen zanen Hajiya ya rataya, ya ce in sake. Duk rawar ta rage sauri. Hajiya ta leƙo daga madafi ta ce in mun gama karatun a mayar mata da igiyarta, kuma wanda ya sa zanenta a ƙasa shi zai sake wankewa.

Da na shiga jami'a na haɗu da wani lissafi da ake kira aiganbalu, ya hana ni sakat. Na iya warware shi kamar yadda ake haddace lambar waya, ban san na mene ne ba. Na kawo masa kuka wani hutu. Ya duba takardar ya yi tsaki, ya ce malaminmu ya ba mu wuƙa bai nuna mana nama ba. Shi lambar hali yake ce mata.

"Ɗauki gini ki yanyanka shi a takarda gunduwa-gunduwa," in ji shi. "Kowace gunduwa ki yi mata tambaya biyu. Nauyinki nawa? Kuma yaya taurinki, wato yaya kike turjewa in an tanƙwara ki? Ki jera nauyin a jadawali ɗaya, taurin a ɗaya. Sai ki tambayi lissafin: wace irin rawa ginin nan zai iya yi shi kaɗai, in an taɓa shi an ƙyale shi, ba tare da salon ya sauya ba? Lissafin zai ƙi ba ki amsa sai a kan wasu 'yan lambobi. Su ne lambobin halinsa. Daga kowace lamba kike fitar da saurin rawar, kuma kowace tana zuwa da salonta: ina zai hau, ina zai sauka, ina zai tsaya cak. Igiyar Hajiya ce dai, aka sa mata riga."

Ya ce in riƙe abu biyu ko na manta sauran. In tauri ya ƙaru, rawa takan ƙara sauri, in nauyi ya ƙaru takan rage. Kuma gini ba ya tsoron a buge shi sau ɗaya da ƙarfi kamar yadda yake tsoron a riƙa tura shi kaɗan-kaɗan daidai da saurin rawarsa, yadda ake tura yaro a lilo, kowane turi yana hawa kan na baya. Ranar na fahimci abin da nake karantawa, kuma da shi nake cin abinci har yau.

Kawu Ƙarami kuwa wata hanya ya bi. Lokacin da yayansa ke makaranta, shi mahaifinsu ya riƙe a gona, don ba za a saki duka biyun ba. Ya gudu tasha, ya yi karen mota, ya zama direba, har Allah ya ba shi manyan motoci na kansa masu kai kaya Kano daga kasuwannin Rano da Kibiya. Mutum ne mai kyauta da fara'a, kuma duk wanda ya san shi ya san akwai wani wuri a zuciyarsa da ba a taɓawa, wato maganar karatu. Da ya tashi gina wurin casar shinkafa da niƙa a Rano, kusa da tasha, bai nemi shawarar yayansa ba. Ya yi bene. Ƙasa inji, sama ma'ajiyar buhuna. Ya hana a sa ginshiƙi a tsakiya don mota ta iya shiga da baya a yi lodi. Sandar ƙarfen da ke juya bel kuma aka ɗaure ta a jikin bango, saboda haka duk bugun da injin ya yi, ginin yana sha.

Da rani, saman ba kaya, ba a jin komai sai ɗan kuka a bango. Da kaka ta zo aka fara hawa da shanshera da masara. Da ma'ajiyar ta kai kusan rabi, sai rufin simintin ya kama rawa. Mai kula da injin ya ce har a haƙoransa yake ji, kuma garin siminti yana zubo wa mata a cikin niƙa. Aka kira Kawu Ƙarami. Ya duba sama ya yi dariya. Shi da ya ƙare rayuwarsa a kan titi ya san mota in ba kaya tsalle take yi, in an danne ta da lodi sai ta kwanta. Ya ce a ƙara buhuna. Aka ƙara, aka ƙara, rawar kuwa ta lafa. Duk tasha ta ce Alhaji ya san kan abinsa.

Na zo hutun ƙarshen mako na tarar labarin ya iso Kibiya. Kawu Babba bai ko gama karin kumallo ba ya ce in ɗauko mota. Ranar kasuwa ce, ƙofar injin cike da direbobi da 'yan dako da mata masu jiran layi. Ya cire takalmi ya hau sama, injin yana aiki. An bar siririyar hanya a tsakiya, buhuna sun yi tsiri hagu da dama. Ya taka hanyar, ya cusa ƙafa tsakanin buhunan gefe ɗaya, ya koma ɗaya gefen ya cusa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce in sa ƙafata. Na sa, na ji simintin yana kaɗawa a tafin ƙafata da sauri, kuma ba wanda ya gaya mini na san me ke faruwa. Nauyin farko ya sauko da rawar farko ta haɗu da saurin injin, shi ne girgizar da aka gani. Ƙarin nauyin ya wuce da ita ƙasa, amma ya jawo ta biyu kusa. Yanzu rabin rufin yana hawa, rabi yana sauka, ɗauke da lodin da ba a gina shi don shi ba.

Da ni ce, da na ja ƙanena gefe. Kawu Babba ya sauko ya tsaya a tsakiyar jama'a.

"Auta! Kashe injin nan. Kabari mai hawa biyu ka gina wa matan mutane."

Kawu Ƙarami ya taso daga benci yana murmushin da bai kai ido ba.

"Yaya, sannu da zuwa. Ko ruwa ba ka sha ba."

"Ban zo shan ruwa ba. A sauke buhunan nan yau, a fitar da injin waje a yi masa gindinsa daban, a sa ginshiƙi."

Kawu Ƙarami ya juya wurin mai shayi ya karɓi kofi cike har baki. Ya ce duk mai son gani ya biyo shi. Aka ɗuru sama. Ya ajiye kofin a tsakiyar hanyar nan, daidai inda rawar ta biyu ba ta motsi. Shayin ya kwanta lumui, ko gezau.

"To Yaya, ga boko, ga shayi. Wanne za mu bi?"

Aka kwashe da dariya. Kawu Babba ya ce a ɗaga buhunan gefe a ajiye kofin can, tsakanin tsakiya da bango. Ba ɗan dakon da ya motsa, kowa yana kallon mai gidansa. Kawu Ƙarami ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya ce shayinsa zai huce. Aka sake dariya. A nan ne Kawu Babba ya faɗi maganar da na so a ce ƙarar injin ta haɗiye ta.

"Gini ba mota ba ne, Auta. Kuma karen mota ba ya zama injiniya don ya sayi motar."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Kawu Ƙarami ya ajiye kofin a kan buhu a hankali, ya ce, "Na gode, Yaya," ya sauka. Daga ranar, ban da sallama, magana ba ta sake haɗa su ba.

A hanyar komawa Kibiya na kasa yin shiru. Na ce, "Kawu, gaskiya ce da kai, amma ka ɓata ta da bakinka." Ya ce lissafi ba ya sauyawa don an faɗe shi da zafi. Na ce mutum yana sauyawa. Ya juya yana kallon gonakin dawa har muka isa.

Umma ta yi zirga-zirga tsakaninsu har ta gaji. Limamin unguwa ya sa baki, abokan mahaifinsu da suka rage suka sa baki. Kawu Ƙarami ya ce shi ba ya riƙe da kowa, amma buhu ko ɗaya ba zai sauko ba, tunda ginin yana nan tsaye kowa yana gani. Kawu Babba ya ce zai ba da haƙuri ranar da aka kashe injin. Da aka shiga kaka ta biyu, siririyar tsaga ta fito a ƙasan rufin, hagu da dama, daidai inda ya ce a ajiye kofi. Aka kira magini ya shafe ta da siminti aka yi fenti. Kaka ta gaba ta sake fitowa, ta fi ta bara tsawo.

Na matsa masa ya kai maganar ga hukuma, tunda yana da ɗalibai a ko'ina, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a rufe wurin. Ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi.

"In kai ƙarar ɗan ɗakinmu, Uwata? In sa a sa masa kwaɗo a ƙofa a gaban tasha? Na riga na yanke shi sau ɗaya."

"To in rufin ya sauko fa?"

"Ban san ranar ba. Lissafin yana gaya mini yana gajiya, ba ya gaya mini ranar."

Wannan amsar ta ba ni haushi a lokacin, kuma ba zan yi ƙarya don ya mutu ba, har yanzu tana ba ni. Mutumin da bai taɓa jin nauyin kowa ba wajen faɗar gaskiya, sai ga shi ya kasa a inda ya fi kamata ya iya. Ni ma da ya hana ni kaiwa da kaina, na bi maganarsa, don a gidanmu ba a tsallake babba.

Abin da ya yi a maimakon haka shi ne ya sayi farar kujerar roba. Duk kaka, daga ranar da aka fara hawa da buhuna har ranar da aka kwashe, yakan hau motar haya daga Kibiya da safe, ya sauka a Rano, ya kafa kujerarsa a ƙofar injin. Mace ta zo da niƙa ko casa, sai ya miƙe ya karɓa.

"Kawo nan, 'yata. Je ki inuwar darbejiya ki huta, ƙurar ciki ba ta da kyau ga mai goyo."

Shi zai shiga da ƙwaryar, shi zai fito da ita. Da fari matan suna jin kunya, dattijo kamar wannan da furfura yana ɗaukar musu kaya. Ya gaya musu gaskiyar dalilin, suka dubi bene sabo fes da fenti, suka dubi juna. Daga baya ya daina bayani, su ma suka saba, har suna yi masa tsiya in ya haɗa garin wata da na wata. Mai kula da injin kuwa, magidanci ne mai iyali, Kawu Babba ya koya masa ya riƙa tsayawa ta bakin ƙofa in ba dole ba, kuma in ya ji ƙarar rufin ta sauya ya kashe ya fita, kada ya tsaya ɗaukar ko hula. Direbobi suna wucewa suna cewa, "Injiniya, ya aiki?" Ya ce, "Da godiya." Malamin da manyan injiniyoyi ke miƙewa in ya shigo, ya koma fari fat da garin masara tun daga gira har ƙafa.

Na taɓa zuwa na same shi yana tari, idanunsa sun yi ja. Na ce, "Kawu, kai da kake hana mutane shiga, kai ne ka fi kowa shiga." Ya ce shi ya riga ya ci rabonsa na duniya, su kuwa da goyo a bayansu. Sannan ya ce in matsa, ina tare wa wata hanya.

Kawu Ƙarami bai taɓa korar sa ba. Yakan zo ya wuce ta gabansa, "Salamu alaikum," "Wa alaikumus salam," shi ke nan. Amma kullum da azahar mai abincin tasha takan kawo wa tsohon kwano a rufe, ta ce an ce a kawo. Bai taɓa tambayar wa ya ce ba, kuma bai taɓa mayarwa ba. A bana ma a kan kujerar zazzaɓin ya kama shi, direbobin ƙanensa ne suka kawo shi gida.

Ranar sadakar uku ina bayan gida tare da mata ana tuƙa tuwo. Garin ya ƙare, aka ce a aika a niƙo. Wata ta ce ai injin Alhaji a rufe yake. Surukar Kawu Ƙarami, matar babban ɗansa, tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mu ai ko a buɗe yake ba ma zuwa. Tun shekarar da suka yi rigima da marigayi Baba ya hana duk gidan. Can bayan kasuwa muke kai namu, yara ma ya ce in ya ga ƙafar wani a wurin sai ya karya ta."

Muciyar da ke hannuna na ajiye. Na wanke hannu, na yafa mayafi. Umma ta bi ni da ido ta ce, "Ina za ki?" Na ce gaisuwa.

Na sami Kawu Ƙarami a zaure shi kaɗai bayan la'asar, jama'a sun ragu, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya haƙuri.

"Haƙuri sai ma'aiki, Uwata. Gobe za ki koma?"

"Sai na ga abin da za a yi da injin, Kawu."

Carbin ya tsaya. "Ke ma ya bar miki wasiyyar rigimar ne?"

"Bai bar mini komai ba. Tambaya ɗaya gare ni, in ka ba ni izini." Ban taɓa yi wa babba irin wannan tsayuwar ba. "Ina gidanka suke kai niƙa?"

Ya dube ni. Na zaci zai daka mini tsawa ya kira Umma ta zo ta ɗauki 'yarta. Na riga na yanke a raina cewa in ya kore ni, da safe hukuma zan nufa, ko da zumuncin gidanmu zai tsage har abada. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ranar da ya zo injin da ke, da yamma na koma sama ni kaɗai. Na ɗaga buhu na ajiye kofin inda ya ce. Rabin shayin a ƙasa ya ƙare."

"Kawu! Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Ka hana naka, ka bar na mutane?"

"Yana ƙofa ai. Na san ba zai bari su shiga ba." Hawaye ya gangaro masa cikin gemu bai share ba. "Uwata, da na sauke buhu ɗaya yana zaune a wurin, duk tasha za ta ce karen mota ya ji tsoron boko. Kullum ina cewa tsoho ne, zai gaji. Ranar da ya fasa zuwa, washegari zan sauke, in ce ni na ga dama. Wallahi haka na shirya. Kowace safiya ina leƙowa daga ofis ina roƙon Allah in ga ƙofar ba kowa. Bai taɓa fashi ba, sai da ciwon ajali ya kwantar da shi."

Ban rarrashe shi ba. Ban iya ba. Ina durƙushe ina jin tausayinsa da haushinsa sun cakuɗe mini, har da haushin wanda ke kabari. Ɗaya yana jiran a sauke kafin ya tashi, ɗaya yana jiran a tashi kafin ya sauke, mata da goyo suna inuwar darbejiya ba su san a kan me ake tsaron su ba. Na ce masa kawai, "Gobe ba ya nan, Kawu." Ya gyaɗa kai.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da kaifin bakinsa da farin garin da ya sha saboda 'ya'yan wasu. Ka auna masa na biyun da babban mudu, ka yafe masa na farkon. Ka yalwata masa makwanci, ka ba Hajiya da Umma juriyar rashinsa, ka sassauta wa ƙanensa abin da yake ɗauke da shi. Masu cewa boko ya taɓa shi kuma, ga abin da ya zaunar da shi a ƙofar nan, na faɗa muku.

Washegari da safe na bi Kawu Ƙarami zuwa Rano. Bai bari an tayar da injin ba. Ya tara 'yan dako, ya sa motocinsa biyu suka ja baya zuwa ƙofa, ya tsaya da kansa yana nuna inda za a fara. Wani direba ya tambaye shi lafiya, ya ce masa ya kama buhu ko ya ba mutane wuri. Na tsaya a gefe ina kallon saman yana yin fili. Kafin a kira azahar an gama.